Famfon gidana yana ja, ga babban layi a bayan katanga: in sayar in tashi?

Tambayar ta zo daga wani magidanci a bayan garin Katsina. Ya ce shekararsu 2 da tarewa a gidan da ya gina, kuma babban layin wuta yana wucewa ta bayan katangarsa. Tun da damina ta sauka, famfon tsakar gida yake jan mai ɗakinsa in ta zo wanke-wanke. San da yake kiwo ya ƙaurace wa rabin duron da ake zuba mashi ruwa. Da dare suna jin wayoyin suna cau-cau kamar an jefa albasa a tafasasshen mai. Maƙwabta sun ce layin ne yake tsiyayar da wuta cikin ƙasa, kuma zama kusa da shi yana kawo ciwon daji da rashin haihuwa. Shi ne yake tambaya ko ya sayar da gidan ya tashi.

Wa'alaikumus salamu, Malam. Kafin mu kai ga maganar sayar da gida, akwai abin da bai kamata ya kwana ba. Daga yau kada kowa ya ƙara taɓa wannan famfon, babba ko yaro, sai an gano abin da ke jan mutane. A kashe makunnin injin ruwa daga tushe, a kifa tsohuwar robar wanka a kan famfon, a saya wajen 'yan garuwa na kwana biyu. Na haura shekara 30 ina aikin wuta, kuma mafi yawan gidajen da aka kira ni bayan an yi rashi, in na tambaya sai a ce mani ai an daɗe ana jin ɗan ja-ja a wurin, har yara sun mai da shi wasa.

Maƙwabtanka sun ɗaure maka abubuwa uku a ƙulli ɗaya, suka kuma ɗora wanda ya fi ƙarancin haɗari a sama. Ni zan fara da famfon.

Wutar da ke shigowa gidajenmu bolt 230 ce, amma abin da ke yi wa mutum illa shi ne yawan wutar da ta ratsa jikinsa, wanda muke aunawa da miliamfa. Miliamfa 1, tsikari kawai za ka ji. Wajen 10 zuwa 15, tsokar hannu ta ƙanƙame, mutum yana so ya saki abin da ya riƙe ya kasa, wannan ne ake cewa wuta ta riƙe shi. Daga 50 zuwa sama, in ta bi ta ƙirji, bugun zuciya na iya rikicewa ta daina tura jini. Ƙwan fitila irin na da, mai wat 60, yana jan kusan miliamfa 260. Ka ga abin da ke haska ɗaki guda ya ninka abin da ke tsayar da zuciya har sau 5. Abin da ke kare mu kullum shi ne busasshiyar fata da takalmi. In hannu ya jiƙe, ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, turjiyar da jiki ke yi wa wuta, wadda ake aunawa da om, tana faɗowa wajen om 1,000, kuma bolt 230 a kan om 1,000 miliamfa 230 ke nan. Shi ya sa kai da ke shigowa da takalmin roba ka buɗe famfon ba ka jin komai, ita da ke tsugune cikin ruwan omo take ji. Ba raki take yi ba. Shi ya sa kuma abin ya jira damina: lahanin yana iya kasancewa a wurin tun rani, busasshen yashi ne ya rufa mashi asiri.

Shi kuwa san da kake kiwo ya riga ku ganewa. Saniya tana tsaye da kofato huɗu cikin caɓi, ta tsoma jiƙaƙƙen baki a ƙarfe, turjiyar jikinta ba ta wuce wajen om 500 ba. Bolt ɗin da kai ba za ka ji ba sam, ita tana jin sa a dasashi. Masu kiwon shanun madara a Amurka sun sha fama da wannan, shanu su ƙi shan ruwa, su ƙi tsayawa a tatse su, har jihar Wiskonsin ta sa ƙa'ida a 1996 cewa in aka auna miliamfa 2 a inda saniya ke taɓawa, wato bolt 1 tak, to a tashi a gyara. In aka ga dabba tana jin ƙishirwa tana zagaya ruwa tana hura hanci ba ta sha, ko tana lasa da saurin janye baki, a duba wuta kafin a kira malamin dabbobi. A yanzu ka mayar mashi da ruwan cikin bahon roba, nesa da famfon, ka gani ko zai sha.

To daga ina wutar take fitowa? A gidaje goma da na duba irin wannan ƙorafi, mafi yawansu ɓarawon yana cikin gida. Na farko da nake zargi shi ne injin da ke cikin rijiyar burtsatse, wanda ake kira sumo, ko ƙaramin injin da ke tura ruwa tanki. Sai hita, sai firji, sai wayar da aka ja zuwa ɗakin girki ko fitilar tsakar gida aka ɗaure ta a jikin bututun ƙarfe.

Akwai wani gida a wajen Ƙofar Marusa da ba na mantawa. Maigidan ya rantse mani layin bakin titi ne, har ya fara neman mai saye. Na sa mita tsakanin bakin famfo da wani guntun rodi da na kafa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta nuna bolt 90 da 'yan kai. Na ce a kashe injin ruwa daga makunni, allura ta kwanta. Muka bi wayar injin da fartanya, taku shida daga bakin rijiyar, daidai inda ruwan wanke-wanke ke gangarowa, muka tono haɗi. Wanda ya yi aikin waya ta gaza mashi, sai ya ƙara guntu, ya murɗe da hannu, ya naɗe da baƙin tef, ya rufa da ledar fiya wata, ya binne. Ledar ta cika da ruwan laka, tagullar ta yi kore shar. Kuɗin sabuwar waya bai kai kuɗin buhun dusa ba. Mutumin yana nan a gidansa har yau.

Tushe na biyu yana waje, amma ba a babban layin ba, a taransifomar unguwa. Ka ɗaga kai ka dubi falwayar layinku, za ka ga waya huɗu: uku masu wuta, ɗaya ita ce nutural, hanyar da wuta ke bi ta koma. A gindin taransifoma ana haɗa wannan nutural da ƙasa ta hanyar tagulla mai kauri. Ɓarayin tagulla suna son wannan waya, kuma in sun yanke ta wuta ba ta ɗaukewa, don haka ba wanda ke lura. Haka in haɗin nutural ya saki a kan falwaya saboda tsatsa ko zafi. Ga kuma ɗabi'armu ta canza layi: da wuta ta yi ƙasa a ɗaya, kowa ya hau tsani ya koma wanda ke da ƙarfi, nauyi ya taru a gefe guda. Duk waɗannan suna sa nutural, wadda ya kamata ta zauna kusa da sifili, ta ɗauki wuta. Yanzu ka haɗa da wata gajeriyar hanya da wasu masu wayarin ke bi: maimakon su kafa sandar ƙasa, wadda suke kira atin, sai su ɗaure wayar atin da nutural a cikin akwati. Ranar da nutural ta ɗauki wuta, jikin firji da dutsen guga da injin ruwa da famfo duk sun ɗauka tare. Alamar wannan ba ta ɓuya. Ƙwai ya yi haske fau a wani gida ya yi ja a na kusa da shi, fanka ta riƙa gudu kamar za ta tsinke, cajar waya da talabijin su ƙone a gidaje da yawa rana ɗaya. In nutural ta katse gaba ɗaya, gidan da ke samun 230 yana iya ganin abin da ya doshi 400.

Na uku shi ne babban layin da kansa, kuma gaskiya ne yana iya sa ƙarfe ya yi tsikari ba tare da waya ta taɓa shi ba. Rufin kwano da ke zaune a kan katako, shingen waya mai tsawo da ya bi layin, motar da aka ajiye a ƙarƙashinsa, wayar shanya: duk ƙarfen da bai haɗu da ƙasa ba yana tara ɗan caji daga layin. In ka taɓa sai ka ji kamar tsinin allura, tsit, sau ɗaya. Wutar da ta zubo daga wayarin kuwa girgiza take yi, zirrr, ba ta yankewa muddin hannu na wurin. Maganin na farko mai sauƙi ne, a haɗa rufin da shingen da sandar ƙasa. Amma bututun ruwa da ke binne cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya riga ya haɗu da ƙasa, shi ya sa ban cika zargin babban layi a kan famfo ba. Ƙarar da kuke ji da dare kuma iskar da ke jikin wayar ce ke ɗan tartsatsi saboda ƙarfin wutar, tana ƙaruwa in akwai laima ko ƙurar hunturu ta kwanta a kan kwalaben. Ita kaɗai ba alamar zubar wuta ba ce. Wadda za ka kai rahoto ita ce ƙara mai ƙarfi daga falwaya guda, tare da walƙiya ko fasasshen kwalba.

Yadda za a raba gardamar ba wuya, kuma a nan ɗauke wutar da muke ƙorafi kullum ya zama kayan aiki kyauta. Ka samo mai gyaran wuta da ke da mita, ba tasta kaɗai ba. Tasta tana kamawa da ɗan cajin da ko ƙuda ba zai kashe ba, musamman kusa da babban layi, don haka tana tsorata mutane a banza, wani lokacin kuma cikin hasken rana ba a ganin kamawarta. Ya kafa rodi a jiƙaƙƙiyar ƙasa nesa da famfon kaɗan, ya auna tsakaninsu sau uku. Na farko komai na gidan yana kunne. Na biyu an raba gidan da layi gaba ɗaya, mai wuta da nutural, ta canji-oba, an kuma kashe janareta da inbata in akwai. Na uku lokacin da aka ɗauke wa unguwar wuta duka, babban layin kuwa yana nan yana ƙararsa. In lambar ta faɗi a awo na biyu, matsalar ta cikin gidanka ce ko ta nutural da ke shigo maka, sai a mayar da wuta a riƙa kunna layukan gida ɗaya-ɗaya har a kama mai laifin. In ba ta faɗi ba sai a na uku, daga maƙwabci ne ko taransifoma. In ta tsaya har a na uku, kuma ba mai janareta a kusa, a nan ne za mu dubi babban layin. Mitar zamani mai lambobi ma tana iya nuna bolt na ƙarya, don haka gwani yakan jona ɗan ƙwai ko wani nauyi a layin awon. In lambar ta ruguje, caji ne mara ƙarfi. In ta tsaya, wuta ce ta gaske. Kada a yarda kowa ya gwada da bayan hannu.

Bayan an kama lahanin, abu biyu nake so ka kashe wa kuɗi. Na ɗaya sandar ƙasa ta gaske, mai rufin tagulla, a haɗa ta da jikin injin ruwa da tanki da bututun ƙarfe da ramin uku na kowace soket. Ƙasarmu ta Katsina da Daura yashi ce, da rani ta bushe har can ƙasa, sanda guda gajera ba ta yin komai a watan Maris. A kafa ta da zurfi, a inda ke samun danshi, in ta kama a yi biyu ko uku a jona. Gishiri da gawayi da ake zubawa suna taimakawa na ɗan lokaci, amma gishirin yana cinye sandar a hankali, ruwa kuma yana wanke shi, don haka a riƙa dubawa. Na biyu, kuma shi ne na fi nauyaya maka, ƙaramar na'urar nan mai yanke wuta in ta zuba, wadda ake saye da sunan RCCB, mai lamba 30mA a jikinta. Tana kwatanta wutar da ta fita da wadda ta dawo, in ta ga giɓin miliamfa 30 ta yanke kafin ƙiftawar ido. Fis da bireka na yau da kullum waya suke karewa kada ta yi gobara, ba za su motsa ba don mutum ya maƙale a famfo, balle fis ɗin da aka ɗaure da waya mai kauri don kada ya riƙa tsinkewa. Na'urar tana da ɗan maɓallin gwaji, a riƙa danna shi lokaci-lokaci. Abin da ke ba ni haushi shi ne in dawo gida bayan wata uku in tarar an tsallake ta da guntun waya wai ta cika yankewa. Tana yankewa ne don akwai abin da ke zuba.

In ta tabbata daga taransifoma ne, wannan aikin KEDCO ne, kamfanin da ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013. Ku rubuta takarda da sunan unguwa, ku kai ofishinsu, ku karɓi shaidar karɓa. In ba a yi komai ba akwai zauren ƙorafi na NERC, hukumar da ke sa ido kan kamfanonin wuta, akwai kuma NEMSA, wadda aikinta ne duba lafiyar kayan wuta. Kada ku yi karo-karo ku ɗauko wani ya hau taransifoma da daddare.

Yanzu layin. Ba ka faɗa mani wane iri ba ne, amma za ka iya ganewa daga ƙasa. In a kan falwayar siminti yake, waya uku, kowace a kan ɗan kwalba, layin 11 ne ko layin 33, wato bolt 11,000 ko 33,000, na 33 kwalabensa sun fi girma. In a kan dogon ƙarfe yake mai ƙafa huɗu, kwalabe jere kamar faifai goma ko kusa da haka, 132 ne, irin wanda ya taso daga Kano ta Kankiya ya shigo Katsina, na TCN, kamfanin da ke kula da manyan layukan wuta na ƙasa. Na 330 ya fi tsawo, faifansa sun doshi 20, wayoyinsa bibbiyu. Ƙa'idar ƙasa ta ware wa kowanne filin da ba a gini a cikinsa: mita 11 ga layin 11 da na 33, wato mita 5 da rabi kowane gefe daga tsakiya, mita 30 ga na 132, 15 kowane gefe, mita 50 ga na 330, 25 kowane gefe.

Wannan fili ba don ciwon daji aka ware shi ba. An ware shi don waya tana tsinkewa, tana lilo da iska, tana kuma saki ta sauko in ta yi zafi, kuma ka san bazararmu da iskar farkon damina. A watan Afrilu na 2017, a Kalaba, babbar waya ta faɗo kan rufin kwanon wani gidan kallon ƙwallo ana tsakiyar wasan Manchester United da Anderlecht, aƙalla mutum 7 suka rasu. Ba wanda ya taɓa waya a cikinsu, zama kawai suke a ƙarƙashinta. Kuma babbar wuta ba ta jiran a taɓa ta, in ƙarfe ya matso tana tsallakowa ta iska. Waɗanda na ga ta ci a nan yankin: magini ya ɗaga rodi a saman rufin kankare, yaro ya hau ɗaura eriya da dogon bututu, mai tifa ya ɗaga baya zai juye yashi, masu haƙar burtsatse sun miƙar da ƙarfe, makiyayi ya hau itace yana sarar wa dabbobi ganye. Don haka in gidanka na kusa, maganar ɗora bene ta wannan gefen ta mutu, tanki ma a kai shi ɗaya gefen, kuma a cire wayar shanya ta ƙarfe a sa igiya.

Ka tara iyalinka ka gaya masu wannan da bakinka. In waya ta faɗo ƙasa, ko ba ta tartsatsi, a ɗauka da wuta, don ana iya mayar da ita daga tasha ba tare da sanin ta faɗi ba. A ba ta mita 10 aƙalla. Wutar tana bazuwa cikin ƙasa kamar yadda ruwa ke yin zobe in an jefa dutse a tafki, tana raguwa da nisa, don haka wanda ya yi dogon taku ƙafarsa ɗaya tana kan ƙarfi ɗaya, ɗayar tana kan wani, wuta ta shiga nan ta fita can. Wanda abin ya rutsa da shi kusa ya haɗe ƙafafunsa ya riƙa jan su a hankali ba ɗagawa. Shanu da jakuna sun fi mutuwa a irin wannan saboda nisan ƙafafun gaba da na baya. In a mota ta faɗo, a zauna ciki. Sai in gobara ta tashi, a yi tsalle a dira da ƙafa biyu a haɗe, ba a taɓa mota da ƙasa lokaci guda ba. In wutar gida ta riƙe mutum, a kashe daga makunni, in ba hali a ture shi da busasshen katako. Wannan dabarar katakon ta wutar gida ce kaɗai, a babban layi katakon ma yana ɗaukar wuta. In an raba shi ba ya numfashi, ba madara yake buƙata ba, ba a binne shi a yashi, ba a ɗura wa wanda ya suma komai. A kwantar da shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, ana yi ana neman mota. Wanda ya farfaɗo ma a kai shi asibiti a duba zuciyarsa, kuma in mai ɗakinka tana da juna biyu, ja-jan da ta riga ta sha ya isa dalilin zuwa awo a faɗa wa likita.

Saura ciwon daji. Maganar tana da asali, ba maƙwabtanka suka ƙirƙire ta ba. A 1979 wasu masu bincike biyu, Wertheimer da Leeper, suka ba da rahoton cewa a birnin Denba na Amurka yaran da suka kamu da sankara sun fi yawa a gidajen da ke kusa da manyan wayoyin rarraba wuta. Aka yi ta bincike shekara da shekaru. A 2000 aka tattara sakamakon ƙasashe da dama, aka ga cewa a 'yan gidajen da ƙarfin maganaɗisun da wuta ke haifarwa, wanda ake aunawa da maikurotesla, ya haura 0.3 zuwa 0.4 a matsakaici, dare da rana, sankarar jini ta yara ta kusa ninkawa. A kan haka cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin 2B a 2002, ma'ana mai yiwuwa ne, ba a tabbatar ba. Rukunin nan yana da faɗi, har ruwan ganyen alobera da ba a tace ba yana ciki. A 2007 hukumar ta sake zama a kai, ta ce hujjar ba ta kai a ce layin ne sanadi ba: gwaji a kan dabbobi bai nuna ba, kuma ba a gano hanyar da wuta mai juyi 50 a daƙiƙa za ta lalata ƙwayar halitta ba, don ba ta da irin ƙarfin hoton ƙashi na asibiti. Ta kuma yi lissafin cewa ko da a ce gaskiya ne, abin zai tsaya tsakanin yara 100 da 2,400 a shekara a duniya baki ɗaya. Sankarar manya, ɓari, rashin haihuwa, hukumar ta duba su ta ce hujjarsu ta fi wannan rauni nesa ba kusa ba.

Ni yadda nake auna shi ke nan: tambaya ce da ba a rufe ba, a kan cuta guda da ba ta da yawa, a gidajen da ke dab da layi. Maganaɗisun yana raguwa da sauri in ka matsa. A ƙarƙashin layin 132 yawanci 'yan maikurotesla kaɗan ne, iyakar da masana na duniya suka sa wa jama'a a 2010 kuwa 200 ce, kuma in ka yi nisan mita 50 zuwa 100 ya koma daidai da na kowane gida mai wuta. Maganaɗisun injin askin da ake ɗora maka a ka ya fi na ƙarƙashin layin ƙarfi, sai dai shi na minti kaɗan ne. Bango ba ya tare maganaɗisu, don haka duk wanda ya kawo maka wani fenti ko sitika ko dutse wai yana tsotse shi, kuɗinka yake so. In kana son ƙarin natsuwa, mayar da ɗakin kwanan yara ɓangaren da ya fi nisa da layin, ka sa kayan ajiya a na kusa. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji shi ne zai tambayi likitansa kafin ya riƙa zama a ƙarƙashin layi.

To ka sayar? Ɗauki tef gobe da safe, ka auna a ƙasa daga daidai tsakiyar layin zuwa bangon ɗakin da ya fi kusa, ba tare da ɗaga komai sama ba. In ka fita daga filin da na lissafa, ban ga dalilin tashi ba, gyara famfonka ka kafa atin ka zauna. In katanga kaɗai ta shiga, a bar wannan gefen fili, ba rumfar kwano, ba turken dabba, ba wurin wasan yara. In ɗakunan kwana ne a ciki, ko waya ta ratsa saman rufi, to shawarata ka fara shirin matsawa, don haɗarin na gaske ne kuma doka ba ta tare da kai in aka zo rusau. Ka kuma san in za ka sayar sai ka bayyana wa mai saye, ka tambayi malamai hukuncin ɓoye aibin kaya.

Ka aiko mani da nisan da ka auna, da irin falwayar, da lambobi ukun da mita ta nuna. Ka kuma gaya mani ko san ya sha ruwa a bahon roba.